Labulen Gumsu

Har yau idan na tuna ranar baftismar Gumsu sai in ji ƙirjina yana tafasa. An ba ni haƙuri har na gaji da ji. Fasto ya ba ni, dattawa sun ba ni, har wata da ko gaisuwar kirki ba ma yi ta tako shagona, wai ta zo ta tuna min cewa mai bi ba ya riƙo. Na ce mata na ji, ta gaida gida. Na yafe, ai dole in yafe, amma ba wanda zai rufe min baki a kan abin da idona ya gani.

Sunana Hassana. A cocinmu da ke Mairi, Maman Thomas ake kirana, in kuma na juya baya sai a ce “Bahaushiyar nan.” Shekara ashirin da ɗoriya ina share cocin nan, ina ɗinka rigunan mawaƙa, a cikin mutanen nan na yi aure, a cikinsu na binne mijina, amma har gobe Bahaushiyar nan ce. Iyayena mutanen Kano ne, fatauci ya kawo babana Maiduguri, a nan aka haife ni. Har yanzu kalmar “wallahi” tana suɓuce min a baki, a yi ta hararata. Su harara, da ita na tashi.

Ina budurwa tarin fuka ya kwantar da ni a asibiti wata da watanni. ’Yan gidanmu ba su yar da ni ba, kada in yi musu ƙarya, amma tsoron cutar ya sa ko abinci ta taga ake miƙo min. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suna zuwa duba marasa lafiya kowace Alhamis. A cikinsu akwai wata doguwar ’yar Bura mai faɗin kafaɗa, Mama Pindar. Ita ce ta ɗaga ni daga shimfiɗar da ta fara wari, ta kai ni bayi. Na zage ta tas. Na ce kada arniya ta kuskura ta taɓa ni. Ta ce, “To, na ji. Ɗaga hannun in wanke hammatar.” Ta wanke ni, ta tsefe kaina da ya cika da ƙwarƙwata, ta yi min kitso. Da Alhamis ta zagayo sai ga ta kuma da sabulunta.

Wata rana da hantsi bayan ta tafi, na juya fuskata bango na ce, “Yesun nan da matar nan take kira, in kana nan, ga ni.” Ba wani haske da na gani, ba wata murya da na ji. Tsoron mutuwar da ya danne min ƙirji ne kawai ya sauka, na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Da na warke na faɗa a gida, babana ya ce ba shi ba ni. Mama Pindar ce ta shimfiɗa min tabarma a ɗakinta, ita ta kai ni koyon ɗinki. Shi ya sa Mama nake ce mata, kuma shi ya sa abin da zan faɗa yake min ciwo.

Gumsu kuwa Babarbariya ce. Yaran daji, ’yan ta’addan nan, sun tare mijinta a gonar shinkafa a Zabarmari suka kashe shi, ta dawo unguwar Dala a nan Maiduguri, gidan yayanta Madu, tana yawon tallar shinkafa. Haka ta faɗo shagona wata rana, kwano a ka, ido jawur. Ta ce, “Wushe, Ya Hassana,” don an gaya mata sunana a maƙwabta, ta sauke kwanon ta zauna a ƙasa kamar an zare mata laka. Tun da aka kawo gawar mijin ba ta iya barci.

Ban yi mata wa’azi ba. Ni ban iya ba, bakina ya fi sabawa da faɗa. Na ba ta ruwa, na ce ta kwanta a bayan keken ɗinki a kan tarin yadi. Ta yi barci har la’asar. Da ta farka ta ce me nake ta ƙus-ƙus a kanta. Na ce addu’a. Ta ce da sunan wa? Na gaya mata. Ta ɗauki kwanonta ta fita ko sallama babu, na ce shi ke nan, na kori mai shinkafa. Bayan ’yan makonni sai ga ta, ta ce in sake yi mata irin waccan.

Ba ta iya karatun boko ba, Hausarta ma tana ɗingishi. Sai na nemo mata wata ’yar rediyo da ba ta fi tafin hannu ba, irin wadda ake shanyawa a rana ta ɗauki caji. Labarin Yesu ne a ciki da Kanuri, ga kuma ’yar waya mai abin sawa a kunne. A gidan Madu ba ta da inda za ta ajiye ko allura ba a gani ba, saboda haka ta ɗauki ƙyalle daga ragowar yadina ta ɗaure rediyon a ƙugunta, ta bi da wayar ta cikin riga har kunne. Laffayarta, dogon mayafin nan da matan Borno ke naɗe jiki da shi daga kai har ƙafa, ta rufe komai. Tana sheƙar shinkafa tana ji, tana tafiya talla tana ji, ba wanda ya sani.

Ita da bakinta ta ce tana son baftisma. Fasto ya riƙa zuwa shagona kamar ya kawo gyaran wando, yana koya mata a bayan labule. Ana cikin haka Madu ya ce an buɗe hanya, gidan gaba ɗaya za su koma Zabarmari kafin shuka, cikin makon da zai kama. Can kuwa ba coci, ba ni, ba wanda za ta faɗa wa abin da ke zuciyarta. Lahadin da ke tafe akwai baftisma a cocinmu. Ko a yi mata ranar, ko kuma ba rana.

Sai dai a shekarun nan ƙofar coci ba ƙofa ba ce, shingen yaƙi ce. Lokacin ne ake ɗaura wa ’yan mata bam a ƙarƙashin hijabi a tura su kasuwa da tasha da masallaci. An jera buhunan yashi da duro-duro cike da siminti, ga sojoji, ga samarin birged, wato ƙungiyar samarin coci, suna caje kowa. Ba a shiga da jaka, ba a shiga da babban mayafi. Wanda ba a sani ba, daga nesa zai tsaya ya ɗaga riga ya juya a ga cikinsa da bayansa. Baba Dzarma, dattijon ikilisiya, shi ne shugaban masu tsaro. Ban ga laifinsu a kan wannan ba. Autan Mama Pindar a kasuwa bam ya tashi da shi, ya je sayo mata manja. Tun ranar ba ta sake taka kasuwa ba, kuma in ta hango hijabi sai ta canja hanya.

Saboda haka muka tsara: Gumsu za ta biyo shagona da safe, in cire mata laffaya, in sa mata riga da zani da ɗankwali, mu shiga tare. Fasto ya ce kada a gaya wa kowa, kada magana ta riga mu zuwa Dala.

Na jira a shago har rana ta ɗaga, ba Gumsu. Wani mai shayi ya ce sojoji sun rufe titin da ya biyo ta wajenmu tun asuba. Na ce shi ke nan, ba ta samu hanya ba. Na ɗauki kayan da na ɗinka mata na saɓa a kafaɗa ko da Allah zai sa, na nufi coci raina a ɓace.

Ranar baftisma kowace ’yar zumunta da kayan ƙungiya take zuwa: farar riga, zani a ƙugu, da zani na biyu a kansa. Na biyun nan aikinsa daban. In mace ta fito daga ruwa, kaya sun manne mata a jiki, sai mu kwance shi mu ɗaga, mu haɗa gefe da gefe mu zagaye ta, ta canja kaya a ciki ba namijin da zai ga ko diddigenta. Labule muke kiransa. Ana rige-rigen riƙe shi ma, don wai akwai albarka a ciki.

Muna tsaye a bakin kwamin siminti da ke bayan coci, ana ta zuba ruwa, sai ihu ya tashi daga ƙofa.

“Bam! Bam! Ga ta nan!”

Yesu! Mutane suka watse. Wasu suka kife a ƙasa, wasu suka haye katanga, wata ta tattake ɗan wata. Ni kuwa nan take na san ko wace ce. Na ajiye kayan a bakin kwami, na kutsa ta cikin masu gudu har bakin ƙofa.

Tana tsaye a tsakiyar titi ita kaɗai, cikin shuɗiyar laffayarta. Ashe da mai keke ya ga hanyar shagona a rufe, sai ya zagayo ya sauke ta a bakin layin coci. Na taɓa nuna mata rufin daga nesa, sai ta ce bari ta tako ta same ni. Iska ta ɗaga gefen laffayar, wani ɗan birged ya hango waya a wuyanta da tudu a ƙugunta.

Soja ya durƙusa a bayan buhunan yashi ya saita ta. “Tsaya nan! Cire mayafi! Cire duka!”

Gumsu ta girgiza kai. “A’a. Ni ba cirewa gaban maza.”

Haba, ta yaya? Matar da tun da ta girma in ban da mijinta ba namijin da ya taɓa ganin gashinta. Ga maza a kan katanga, ga ’yan gora, ’yan sa-kai masu tsaron unguwa, sun taru a ƙarshen layi, ga masu keke sun yi cirko-cirko. Sai ta kai hannu ƙugu, wai za ta nuna musu abin. Na ji ƙarar bindiga an ɗana.

Na ƙwala ihu, “Gumsu! Kada ki taɓa! Hannu sama!”

Ta ji muryata, ta ɗaga hannuwan.

Na damƙi hannun rigar Baba Dzarma. “Baba, na san ta. Rediyo ce, ni na ba ta. Baftisma ta zo, fasto ya sani.”

Ya fizge hannunsa. “Jiya kika san ta. Kin san abin da aka ɗaura mata yau da safe?”

Da a nan ya tsaya da ban ce komai ba, don tambaya ce ta mai hankali. Sai ya dube ni sama da ƙasa ya ƙara da cewa, “Ku ai ba a gane cikinku.”

Ku. Ni da wa? Ni da na yi wa matarsa jinya, na ɗinka likkafanin ƙanensa? Wallahi da ba dattijo ba ne da sai ya ji hannuna a fuskarsa. Na ce, “Baba, ka riƙe maganar nan, zan dawo kanta.”

Fasto ya iso yana haki, samari sun so su ɓoye shi a ofis. Ya roƙi sojojin, ya ce ɗalibarsa ce. Babbansu ya ce shi bai san wannan ba, ya ga waya, ya ga ƙunshi. Ko ta tuɓe, ko a samu mace ta je ta caje ta, in kuma abu ya tashi ba ruwansa. Ya ce kuma ba zai yi ta jira ba.

Na tsallake buhunan yashi na fita.

Kada wani ya ce min jaruma. A tsakiyar hanya maganar Baba Dzarma ta dawo min. In fa wani ya gano ta, ya kama ta, ya canja abin da ke ƙugunta? Na tuna Thomas ɗina yana makarantar kwana, ba uba. Fushi ne ya tura ni, don a ranar ya fi tsoron yawa.

Na isa wurinta. Ta ce, “Ya Hassana, rediyo ne. Matar Ya Madu yana ɗaure kaya, na ji tsoro ya gani.”

Na ce, “Na sani. Yi shiru.”

Na shafa ƙugunta, na ji ’yar rediyon a inda take kullum. Na juya na ɗaga murya na ce ba komai. Babban sojan ya ce bai yarda ba, ni da ita bakinmu ɗaya. A jefo mayafin, a jefo abin, sannan wata macen daban ta duba jikinta.

Na kwance zanina na sama, na ɗaga shi tsakaninta da ƙofar coci. Gumsu ta waiga bayanta, inda ’yan gora da masu keke suke tsaye. Ta ce, “Ta baya fa?”

Zani ɗaya gefe ɗaya yake rufewa. Na leƙa ta saman zanin, na hango matan zumunta a bayan ƙofar ƙarfe, sun cunkushe wuri guda, kowace da zaninta na biyu a ƙugu.

Na ce, “Matan zumunta! Ga labule ya samu! Ku fito!”

Suka dubi juna.

“Mutum ɗaya nake nema! Ɗaya tak!”

Ba wadda ta motsa. Wasu suka sunkuyar da kai, wata ta ja da baya ta ɓuya a bayan ’yar’uwarta. Kai, a nan ne raina ya gama ɓaci. Na ce, “Tir da ku! Ba ku ne kuke kaɗa tulu kowace Lahadi kuna rawa kuna cewa mutuwa ba ta ba ku tsoro ba? Ashe a inuwa kuke nufi! Ku da kuke ture juna a bakin kwami don albarka, ga albarkar nan a titi, ku zo ku ɗauka mana! Munafukai!”

Fasto ya ce, “Maman Thomas, a hankali.” Na ce masa ba yau ba.

Sai na hango Mama Pindar. Ta dafa ƙarfen ƙofa da hannu biyu, fuskarta ta yi fari fat. Na san abin da zan faɗa mugun abu ne, na kuma faɗa.

“Mama! Ranar da kika wanke ni a asibiti ina tofar da jini, caje ni kika fara yi?”

Ta ɗago kai. Muryarta ta fashe, “Ɗana fa, Hassana? A buhu na kwaso ɗana!”

“Na sani, da ni aka kwaso shi! Mijin wannan ma a buhun shinkafarsa aka kawo shi!”

Hannuwana sun fara sagewa. Na ji Gumsu tana kuka ƙasa-ƙasa a bayan zani, tana kiran Yesu da irin lafazinta. Babban sojan ya ce wani abu da Turanci, wanda ke riƙe da bindiga ya gyara zama.

Sai ƙofar ƙarfe ta yi ƙara.

Mama Pindar ce. Ta fito tana jan ƙafarta mai ciwon gwiwa, hawaye har wuya, tana zagina da Bura tun daga bakin ƙofa. Na zauna a ɗakinta shekaru, na ji kowace kalma. Ta ce ni marar kunya ce, ta ce da ta sani da ta bar ni da ƙwarƙwatata. Baba Dzarma ya miƙa hannu zai tare ta, ta buge hannun. Ta zo ta wuce ni, ta zagaya bayan Gumsu, ta kwance zaninta ta ɗaga. Na kamo gefenta na dama, ta kamo nawa, muka rufe.

Na ce, “Cire, Gumsu. Ba mai ganinki.”

Ta warware laffayar a hankali, ta dunƙule ta jefa ta saman zani. Ta kwance ƙyallen, ta zare wayar daga kunne, ta turo rediyon waje ta ƙarƙashi. Wayar ta fizge daga jikinta, rediyon ta bugi dutse, sai ga muryar namiji ta tashi da Kanuri, raɗau. Mutanen cikin coci suka sake zubewa ƙasa. Da yawansu da harshen nan aka yi musu ihu ranar da aka ƙona garuruwansu. Muryar kuwa ta ci gaba da maganarta a natse, tana ba da labari. Daga ƙarshen layi wani ɗan gora ya ce da ƙarfi, “Kai, labarin Annabi Isa ne!” Sai masu keke suka fara magana a tsakaninsu, ɗaya ya tayar da kekensa ya juya. Na san kafin azahar Dala ta ji.

A cikin labule Mama Pindar ta juyo da fuskarta a karon farko ta dubi Gumsu. Ba komai a jikinta sai ’yar shimi da siket. Haƙarƙarinta duk a waje, ƙyallen ya yi mata shata a ƙugu har fatar ta saɓule. Mama Pindar ta daɗe tana kallon wurin. Ta haɗa bakin zanin a hannu ɗaya, ta shafa cikinta da bayanta da ɗayan, sannan ta ce, “Ke, ba kya cin abinci ne?”

Ta ɗaga murya ta ce wa sojoji, “Ba komai a jikinta sai ƙashi.”

Aka sauke bindiga. Na janyo laffayar da ƙafa, Gumsu ta karkaɗe ƙasar ta naɗa abarta. Ta ɗauki rediyonta ta kashe. Da muka iso ƙofa Baba Dzarma ya gyara murya ya ce doka doka ce, ba a shiga da babban mayafi. Kafin in buɗe baki Mama Pindar ta ce, “Da shi za ta shiga. Matsa.” Ya matsa. Na tsaya a gabansa na ce, “Ka gane cikin namu yanzu, ko in ɗaga maka riga ni ma?” Ya kau da kai, har yau kuma ina jiran amsarsa.

Fasto ya ja Gumsu gefe. Ya ce ta ga abin da ya faru, mutane sun gan ta, in tana so a dakata ba laifi, Allah ya san zuciyarta. Ta share fuska da gefen laffaya. Ta ce, “Dala ya riga ya ji. In na koma yanzu, kunya kawai na kwasa. Ruwan yana ina?”

Gaskiya ta faɗa. Ba ta sake kwana a Dala ba. Da yamma wani mai keke ya kawo kwanon tallarta da ƙullin kayanta shagona ya ajiye, ba saƙo, ba gaisuwa.

Amma bari in ƙarasa na bakin kwami. Da laffayarta ta shiga ruwan. Fasto ya yi mata tambayoyi ta amsa da Hausarta mai ɗingishi, ya nutsar da ita, ya ɗago ta. Ai kuwa sai guɗa ta ɓarke. Aka buga tulu, aka kaɗa caki, aka tayar da waƙa. Sai ga matan zumunta sun yo ca, kowace ta kwance zaninta tana ɗagawa, ana ture juna, ana “Matsa min, ni ma in riƙe.” Wadda ta ɓuya a bayan ’yar’uwarta ɗazu ita ce a gaba, har da take min ƙafa.

Na ce, “Ku ja baya! Na ce ku ja baya! Yanzu kuka ga labule? Yanzu da ba bindiga?”

Waƙar ta mutu. Mama Pindar ta taɓa kafaɗata. “Hassana, a coci muke.”

Na ce, “Ɗazu ma a ƙofar coci muke, Mama.”

Wata ta ce haba Maman Thomas, ai yanzu ’yar’uwarmu ce, kowa yana da hakki a kanta. Na juya zan wanke ta tas, sai Gumsu ta riga ni. Tana tsaye a kan matakalar kwami, ruwa na zuba daga laffayarta, haƙoranta na haɗuwa don sanyi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta harari kowa ba. Ta dubi zannuwan da aka ɗaɗɗaga, ta nuna nawa, ta nuna na Mama Pindar, duk biyun da ƙasar titi a jikinsu.

Ta ce, “Ya Hassana, wannan biyu ya isa.”

Muka ɗaga, muka haɗa gefe da gefe, ta canja kayanta a ciki. Sauran suka tsaya a rana da zannuwansu a hannu har ta gama.